Tsofaffin sojoji na buƙatar filin motsa jiki kamar yadda suke buƙatar fansho

Soja kan ajiye kaki, amma jikinsa ba ya saurin yarda cewa yaƙi ya ƙare. Da yawa cikin waɗanda suka ga tashin hankali a fagen daga sukan dawo gida da rashin barci da firgici. Wasu kuma da zarar damuwa ta taso, sai su nufi kwano ko da ba sa jin yunwa.

Ba kwaɗayi ba ne. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, wanda ke kaɗa ƙararrawa idan ya hango haɗari. Ƙararrawar ce ke sa jiki ya saki sinadarin kotisol. Idan damuwa ta daɗe, kotisol yakan ƙara sha'awar abinci mai maiƙo da zaƙi, domin irin wannan abinci na kawo ɗan sauƙi na wucin gadi. Haka kuma damuwa mai tsawo tana raunana sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke ce wa mutum ya isa haka. Sakamakon shi ne ƙiba, sannan ciwon suga da hawan jini su biyo baya.

Motsa jiki na taɓa wannan matsala daga tushe. Yana rage fargaba, yana gyara barci, yana kuma ƙara wani furotin da ake kira BDNF, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Atisaye mai ƙarfi ma yakan rage sinadarin girelin mai jawo yunwa na ɗan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar yin aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato tafiyar sauri ta minti 30 sau 5.

Amurka ta daɗe da ɗaukar batun da muhimmanci. Tun 2006 ma'aikatar kula da tsofaffin sojojinta ke gudanar da shirin MOVE! a asibitocinta, domin taimaka musu rage ƙiba ta hanyar gyara cima da motsa jiki.

Najeriya ma na da dubban dakarun da suka yi yaƙi a Laberiya da Saliyo, da waɗanda ke fafatawa da Boko Haram tun 2009. A 2023 ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga gasar Invictus ta sojojin da suka ji rauni, a Jamus. Abin yabo ne, sai dai 'yan kaɗan ne ke zuwa gasa, saura na gida.

Soja ya saba da atisayen asuba tare da abokan aiki. Ranar da ya yi ritaya, yakan rasa atisayen da abokan a lokaci guda. Ya kamata Ma'aikatar Tsaro da Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji su buɗe wa masu ritaya filayen bariki, su shirya musu atisaye na mako-mako, tare da tanadi na musamman ga waɗanda suka rasa hannu ko ƙafa.

Motsa jiki ba zai maye gurbin likitan ƙwaƙwalwa ba, kuma mai hawan jini ya fara ganin likita kafin ya soma. Amma hanya ce mai arha. Tunawa da 'yan mazan jiya kowace 15 ga Janairu ba ta wadatar ba, idan an bar masu rai da damuwarsu.