ZOBEN BAIKO: WANNE ZA KA SAYA, KUMA DA WANE KUƊI?

'Yan uwa samari, wata baƙuwar al'ada ta shigo mana harkar neman aure ba sallama, har ta samu tabarma ta zauna. Ita ce al'adar zoben baiko, wanda wasu ke kira zoben alkawari. A da sai a finafinan Turawa da na Indiya ake ganin abin. Yau kuwa daga Funtuwa zuwa Mairuwa, daga Faskari zuwa Ƙanƙara da Sabuwa, ba abin mamaki ba ne ka tarar da samari a majalisa an duƙufa a kan waya ana musu: mai dutse ɗaya ya fi kyau ko mai jerin duwatsu? Farin zinare ko ja? Ɗan Dubai ko ɗan Italiya? To, tunda tambayar ta zo gida, bai kamata a kau da kai a ce shirme ne ba. Ya kamata a amsa ta, domin a bayanta akwai kuɗin gumi, akwai halal da haram, akwai kuma auren da ake ta ɗagawa daga kaka zuwa kaka.

Mu fara da sanin inda abin ya fito. Iyayenmu sun san kayan na-gani-ina-so, sun san gaisuwar iyaye, sun san goro da alawar baiko da ake rabawa dangi da maƙwabta domin kowa ya shaida an ba da yarinya. Sun san zobe a matsayin ado, ko toshin da saurayi zai aika wa budurwa. Amma a ce wai zobe shi ne shaidar alkawari, har saurayi ya durƙusa a gaban yarinya yana roƙo, wannan daga Turai ya zo. Masu tarihi sukan ambaci shekarar 1477, lokacin da Maximilian, ɗan sarautar Ostiriya, ya ba wa Maryamu ta Burgundi zoben daimon. Ɗaruruwan shekaru bayan haka abin bai wuce gidajen sarauta da manyan attajirai ba.

Abin da ya watsa shi cikin talakawa kasuwanci ne tsagwaronsa. An gano daimon mai yawa a Afirka ta Kudu wajen 1867, sannan a 1888 ɗan mulkin mallakar nan Cecil Rhodes ya kafa kamfanin De Beers, wanda ya mamaye cinikin wannan dutse a duniya. Da kasuwa ta faɗi sakamakon matsin tattalin arzikin shekarun 1930, sai a 1938 kamfanin ya ɗauki hayar wani kamfanin talla na Amurka mai suna N. W. Ayer, aka ba shi aiki guda: ya cusa wa samari cewa ba a neman aure sai da daimon. A 1947 suka fito da takensu mai cewa wai daimon na har abada ne. Su ne kuma suka yanka wa saurayi abin da zai kashe, da farko albashin wata guda, daga baya suka mayar da shi wata biyu. A Japan, ƙasar da ba ta gaji wannan al'ada ba, a 1967 amaren da ke samun zoben daimon ba su kai biyar cikin ɗari ba, amma zuwa 1981 sun kai kimanin sittin cikin ɗari. Abin da aka yi wa Japanawa da mujallu da talabijin, shi ake yi mana yau da wayar da ke aljihunmu.

Wani abin dariya ma, dutsen da aka ce na har abada ne, yanzu ana ƙera irinsa a masana'anta, wanda ido ba ya iya bambance shi da na haƙa, farashinsa kuma ya faɗi warwas. Balle mu nan, da mafi yawan abin da ke ƙyalli a kan zobban kasuwanninmu gilashi ne da dangoginsa. Ashe ke nan saurayin da ya ci bashi don ya sayi mai dutse, ya sayi kwaikwayon kwaikwayo ne.

To me shari'a ta ce? Abu na farko da ya wajaba kowane saurayi ya riƙe shi ne, zinare haramun ne ga ɗa namiji. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (S) ya ga zoben zinare a hannun wani mutum, ya cire shi ya jefar, ya kuma kamanta sa shi da ɗaukar garwashin wuta a hannu. Saboda haka tsarin nan na saye biyu iri ɗaya, ɗaya nata ɗaya naka, in dai na zinare ne, naka haramun ne. Kada kuma sunan farin zinare ya ruɗe ka, domin zinare ne aka gauraya da wani ƙarfe ya yi fari, hukuncinsa bai canza ba. Zoben Manzon Allah (S) na azurfa ne, ya kuma yi shi ne domin buga hatimi a wasiƙun da ya aika wa sarakuna. Bayansa ya koma hannun Abubakar, sannan Umar, sannan Usman, har ya faɗa rijiyar Aris a Madina. Malamanmu na Malikiyya sun ce namiji ya sa guda ɗaya na azurfa, kada nauyinsa ya wuce dirhami biyu, wato kusan giram 6, an kuma fi so ya kasance a ƙaramin yatsan hannun hagu. Ita mace an yalwata mata, zinare da azurfa duk halal ne gare ta.

Abu na biyu, baiko ba aure ba ne. Alkawari ne da ke hana wani ya shiga neman da ɗan uwansa ya riga shi, amma bai halatta komai tsakanin saurayi da budurwa ba. Har ranar da za a ɗaura, ita ba muharramarka ba ce, ba kuma matarka ba. To ina hujjar kama hannunta a zura mata zobe, ana tafi ana ɗaukar hoto? Sannan duk wanda ya ƙudurce cewa zoben ne ke riƙe soyayya, in ya ɓata ko an cire shi aure zai lalace, ya faɗa camfi. Ko zaɓen yatsan da ake sa shi ma ya samo asali ne daga wani tsohon camfi na Turawa, cewa wai akwai jijiyar da ta taso daga wannan yatsa ta zarce zuciya, abin da ilimin likitanci bai san da shi ba.

Abu na uku shi ne wanda ya fi kamata mu tsaya a kansa. Zobe ya zo a maganar aure a hadisin Sahlu bin Sa'ad da Buhari da Muslim suka ruwaito. Wani sahabi matalauci ya nemi a aura masa wata mata, Manzon Allah (S) ya umarce shi ya je ya nemo abin sadaki ko da zoben baƙin ƙarfe ne. Ya je ya dawo bai samu ba, aka aura masa ita a kan abin da ya haddace na Alƙur'ani. Ku duba da kyau, 'yan uwa. A nan an ambaci zobe ne a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a iya bayarwa don a sauƙaƙa aure, kuma a matsayin sadaki, wato dukiyar da za ta zama mallakar matar. Yau an juya abin, an mayar da zobe wani sabon shinge a gaban aure, ƙari a kan lefe da sauran ɗawainiya. A mazhabarmu mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Dinari kuwa nauyinsa giram 4.25 ne na zinare, rubu'insa ya ɗara giram ɗaya da kaɗan. Ma'ana, zoben zinare mai kyau mai giram biyu ya haura mafi ƙarancin sadaki. Akwai saurayin da kuɗin da ya zuba a zoben nuna wa duniya sun isa a ɗaura masa aure, amma ga shi yana zaune gwauro yana jiran wata kakar.

Kuma wace ƙasa muke ciki da za mu ɗora wa kanmu wannan kaya? Mutanen Mairuwa da kewaye manoma ne, masara da dawa da auduga su ne albashinsu. Kowa ya san abin da wannan yanki ya gani. A watan Yuni na 2020 'yan bindiga suka afka wa Kadisau a ƙaramar hukumar Faskari suka kashe mutane da dama. Ranar 11 ga Disamba na wannan shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, aka kuma rufe kasuwannin dabbobi. Gidaje nawa suka sayar da gona da shanun huɗa don biyan kuɗin fansa? A 2023 aka cire tallafin mai, darajar naira ta zube. Shi kuwa zinare, oza ɗaya da ya haura dala 2,000 a 2020, a watan Oktoba na 2025 ya haura dala 4,000. Saurayin da zai sayar da buhunan masarar da ya noma cikin fargaba don ya sayi abin da zai burge mutanen Facebook, ya tuna zanen aro ba ya rufe katara.

Wani zai ce, ai kyauta sunna ce, kuma ita yarinyar ce ke so saboda ta ga an yi wa ƙawarta. Gaskiya ne kyauta abin so ce a addini, ba kuma wanda ya ce haramun ne ka ba wadda za ka aura zobe. Wani kuma zai ce, ga lefe can yana cin miliyoyi, sai zobe za a sa wa ido? Amsa ita ce, shi ma lefen da 'yan turame ya fara kafin ya zama jerin akwatuna. Abin da mutum ɗaya ya yi don nishaɗi, in aka yi shiru, gobe shi ne zai zama dole a kan talaka. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ga wanda ya ƙudura sai ya saya, ga shawara.

Na farko, in kana da hali, zaɓi na zinare zalla wanda ba dutse a kansa. Dalili shi ne ranar da buƙata ta taso aka kai shi kasuwa, zinaren ake aunawa, dutse kuwa cire shi ake yi daga lissafi. Haka ma yawan zane da kwalliya kuɗin ƙira kawai yake ƙara maka, kuma ba ya dawowa ranar sayarwa. Matan ƙasar nan sun daɗe da sanin cewa ɗan kunne da zoben zinare asusu ne, sun fitar da gidaje da yawa daga kunya ranar rashin lafiya ko wata musiba. Ka ba ta abin da zai amfane ta a irin wannan rana.

Na biyu, ka san abin da kake saye. Zinare tsantsa shi ne karat 24, amma yana da laushi, yana saurin lanƙwashewa. Karat 21 ko 22 shi ya haɗa daraja da ƙwari. Karat 18 kuwa kashi uku cikin huɗu ne zinare, saura wani ƙarfe. A auna a gabanka, a gaya maka giram nawa ne, nawa ne kuɗin giram, nawa ne na ƙira, a rubuta maka rasit. Ka tafi da wanda ya san harkar, domin akwai jan ƙarfen da aka yi wa ruwan zinare, wanda wata kaɗan zai koɗe.

Na uku, kada ka saya bashi. Mafi yawan malaman wannan zamani suna ganin kuɗin takarda hukuncinsu ɗaya da zinare da azurfa, saboda haka cinikin sai hannu da hannu, biya kaɗan-kaɗan kuwa ƙofar riba ce. In kuɗinka ba su kai ba, ga azurfa nan wajen maƙeranmu, mai sauƙin kuɗi, mai tsafta, ba kuma abin kunya a cikinta.

Na huɗu, kada ka kai da hannunka. Sa shi cikin kayan baiko, ko ka ba yayarka ko gwaggonka ta kai. A kuma fayyace a gaban waliyyai, kyauta ne ko wani ɓangare ne na sadaki. Wannan zai kashe rigima in Allah bai nufi auren ba, domin abin da malaman Malikiyya na baya suka rinjayar shi ne, in namiji ne ya fasa ba ya karɓar kyautarsa, in kuwa daga ɓangaren mace ne yana iya nema, sai fa in akwai sharaɗi ko al'adar da ta saɓa wa haka.

Na biyar, ka rufa wa kanka asiri. A yankin da aka sha fama da masu kai wa 'yan bindiga rahoto, sa hoton zinare a intanet da sunan yarinya da garinsu ganganci ne da rayuwarta da ta iyayenta.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka, kada zobe ya ɗaga maka aure ko da mako guda. In zaɓi ya zama tsakanin zobe da buhun abincin da za a fara zama da shi, ko kuɗin rufin ɗaki, to ka san wanda ya fi. Ka zauna a zauren gidansu ka yi mata bayani da hankali. Yarinyar da ta fahimci wannan ita ce za ta iya riƙe maka gida ranar da babu. Wadda kuwa ta ce in ba dutse ba aure, to Allah Ya nuna maka abin da ke gaba tun kafin ka shiga.

Muna kuma kira ga iyaye da malaman unguwanni da su sa baki tun abin bai zama doka ba, kada a wayi gari ana mayar da kayan baikon ɗan talaka don ba a ga zobe a ciki ba. Allah Ya sauƙaƙa wa samarinmu aure, Ya ba su mata na gari, Ya dawo mana da zaman lafiya mai ɗorewa a garuruwanmu da gonakinmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.