Kumburin maraina: ba kullum matar ce da laifin rashin haihuwa ba

Yau zan taɓa maganar da maza ba su son a yi ta a fili, duk da cewa tana rusa gidaje a nan Kornaka da ƙauyukan kewaye.

A bayan kowane ɗan maraina akwai wata siririyar jijiya a nannaɗe, wadda likitoci ke kira epididim. Da za a warware ta, tsawonta zai kai mita 6. A cikinta ne ƙwayoyin haihuwa na namiji ke zama har su nuna kafin su fita. Idan ciwon sanyi ya hau ta sai ta kumbura, wurin ya yi zafi, mutum ya riƙa tafiya a tattale, wani lokaci da zazzaɓi da zafin fitsari. Ga matasa yawanci ta hanyar saduwa ake ɗaukarsa, ga dattawa kuwa sau da yawa daga ciwon mafitsara yake gangarowa, don haka kada a yi saurin zargin kowa.

To, me ɗan kasuwa ke yi? Sai ya je wajen mai tebur ya sayi ƙwaya huɗu ko shida ya haɗiye, zafi ya lafa, ya koma rumfarsa. Alhali ciwon bai mutu ba, yana nan yana barin tabo, kuma idan tabon ya toshe jijiyar ta ɓangare biyu, ruwa zai riƙa fita amma ba iri a ciki. Shekara uku ba ciki, sai dangin miji su taso wa matar, a kai ta wajen malam, a yi mata kishiya, wata ma a sake ta. Shi kuwa Alhaji ba mai tambayarsa komai! Likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin gidajen da ba a samu haihuwa ba, namiji na da hannu a matsalar. A ganina wannan zalunci ne.

Maganin ba boyayye ba ne. A asibitin CSI na Kornaka, ko babban asibitin Dakoro, yawanci allura ɗaya ce da ƙwayoyi na kwana 10, a sha har su ƙare. Kuma dole a yi wa iyali magani tare, mai mata biyu duka biyun, in ba haka ba ciwon zai dawo.

Iyayenmu mata, ga taku. Idan yaronku ya tashi kwatsam da matsanancin ciwon maraina har da amai, wataƙila marainan ne suka murɗe, jini ya daina zuwa. Wannan aikin tiyata ne, cikin awa 6 ake so a yi shi. Kada a tsaya jiƙo ko jiran a tashi kasuwa, a nemi mota a nufi Dakoro ko Maraɗi nan take.