Ciwon Hanta A Jikin Mai Cutar Karya Garkuwa: Kira Ga Matan Anka, Gummi Da Bukkuyum

Maganar da muke tafe da ita yau ta lafiya ce, kuma irin wadda yawancinmu muke jin nauyin yi a gaban jama'a. Amma tun da filin namu ne, mu ya mu, to bari mu ajiye kunya a gefe mu gaya wa juna gaskiya.

Duk macen da ta yi wayo a ƙasar Anka da Bukkuyum ba za ta manta da masifar gubar dalma ta shekarar 2010 ba. A ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Yargalma yara suka riƙa suma suna mutuwa, aka yi ta zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, har sai da aka ɗebi jininsu aka auna, sa'an nan aka gane guba ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Darasin da wannan masifa ta bar mana shi ne akwai cutar da ido ba ya gani, sai awon jini kaɗai ke tona ta. To ciwon da za mu yi magana a kansa yau irin wannan ne.

Sunansa ciwon hanta nau'in B. Wata ƙwayar cuta ce take shiga jini ta je ta zauna a hanta, watau wurin da yake tace abin da muka ci da maganin da muka sha. Mu a gida abin da muka sani shi ne shawara, idan ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja. Amma shawara alama ce kawai, kuma mafi yawan masu wannan ciwo ba sa nuna ta. Mace sai ta yi shekara 20 ko 30 tana dakanta, tana surfenta, tana haihuwa, ba ta san tana ɗauke da kome ba, alhali kuwa hantar tana ƙanƙancewa a hankali. Ran da ciki ya kumbura da ruwa, ko aka fara aman jini, ko ciwon daji ya kama hantar, to a lokacin aiki ya riga ya yi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne suke ɗauke da wannan ciwo a duniya, kuma a wannan shekara kaɗai ya kashe wajen miliyan 1 da dubu 100.

Me ya haɗa shi da cuta mai karya garkuwar jiki, watau HIV? Hanyarsu ɗaya ce. Duka biyun ana ɗaukarsu ta jini, da kwanciyar aure, da kuma daga uwa zuwa jaririnta. Saboda haka ƙofar da ɗaya ya bi ya shiga, ɗayan ma yana iya binta. Bugu da ƙari, ƙwayar ciwon hanta ta fi ta HIV saurin kama mutum nesa ba kusa ba, kuma tana iya yin kwana 7 da ranta a busasshen jini a jikin reza ko aska. Babban binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a shekarar 2018 ya nuna cewa cikin manya 100 a Nijeriya, wajen 8 suna da ciwon hanta nau'in B, kuma cikin masu ɗauke da HIV 100, kusan 9 suna da shi. Binciken nan ya nuna Jihar Zamfara tana cikin jihohin da HIV bai yi yawa ba, domin bai kai mutum 1 cikin 100 ba. Mun gode wa Allah. Amma kada wannan ya sa mu saki jiki, domin waɗanda abin ya shafa 'yan uwanmu ne, ciwon hanta kuwa ya fi HIV yawa a ƙasar nan ninkin ba ninkin.

Idan cututtukan nan biyu suka haɗu a jiki ɗaya, HIV yana raunana garkuwar da za ta taka wa ciwon hanta burki, sai hantar ta lalace da sauri fiye da ta wanda ba shi da HIV. Shi ya sa za ki ga mutum yana shan maganinsa, ya murmure, ya yi ƙiba, kowa yana cewa ya tsira, daga baya hanta ta kayar da shi.

To, 'yar uwa, ga abin farin ciki. Ƙwayar maganin HIV da aka fi bayarwa a asibitocin gwamnati, wadda ake kira TLD, guda ɗaya ake sha a rana, kuma magani 3 ne a cikinta. Biyu daga ciki, watau tenofobir da lamibudin, suna danne ƙwayar ciwon hanta nau'in B kamar yadda suke danne HIV. Jifa ɗaya ke nan, tsuntsu biyu. Sai dai fa dannewa suke yi, ba su kashe ta ƙurmus. A nan ne hatsarin yake, kuma ina roƙonku ku karanta wannan wuri da kyau. Mai cututtukan nan biyu idan ta daina shan maganin farat ɗaya, ƙwayar ciwon hanta tana iya tasowa da ƙarfi cikin 'yan makonni ko 'yan watanni, hantar ta kumbura, wani lokaci har a rasa rai.

Mu da muke yammacin Zamfara mun san abubuwan da suke raba mutum da maganinsa. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa, mata sun gudo Anka da sauran manyan garuruwa daga su sai zanen jikinsu. Hanya takan yi kwanaki ba ta biyuwa. A daminar 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi. Ga kuɗin mota, ga tsoron kada maƙwabciya ta gan ki a layin karɓar magani. Wata kuma da ta ji ƙarfin jikinta sai ta ce ai ta warke, ko wani mai maganin gargajiya ya ce ta ajiye na asibiti ta sha nasa. Duk mun san waɗannan. Saboda haka shawarata ita ce kada ki bari sai ƙwaya ta ƙare sa'an nan ki nufi asibiti. Ki je tun da sauran na mako 2, ki gaya wa malaman asibiti halin da hanyarku take ciki, ki roƙi a ba ki na wata 3 ko fiye in da hali. Ki ajiye katinki da kwalbar maganin wuri ɗaya da za ki iya sunkuta cikin dare. Idan gudun hijira ya kai ki wani gari, ki nufi asibitin gwamnati na garin da katin nan ko da kwalbar da ta ƙare, kada ki ce sai kin koma gida.

Wata za ta ce, to tun da magani ɗaya ne yake aiki biyu, mene ne amfanin awon ciwon hanta kuma? Amfaninsa babba ne. Likita yakan canja wa mutum magani, alal misali idan ƙoda ta sami matsala. In bai san kina da ciwon hanta ba, yana iya cire wanda yake tsare miki hantar ba da saninsa ba. In kuwa ya sani, zai zaɓi abin da ya dace, ya kuma riƙa duba lafiyar hantar lokaci lokaci. Har ila yau, saninki shi ne zai ceci mutanen gidanki. Don haka duk mai karɓar maganin HIV, mace ko namiji, ranar da ta koma asibiti ta buɗe baki ta yi tambaya: an taɓa auna ni ciwon hanta nau'in B? In ba a yi ba a yi. Ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, kafin ki bar asibitin an gaya miki sakamako. Ko da za a biya 'yan kuɗi, bai kai na ankon biki ɗaya ba. Wadda aka samu ba ta da shi, ta nemi allurar rigakafi, sau 3 ake yi cikin wata 6. Wadda aka samu tana da shi kuma aka ga hantar tana bukatar ƙarin bincike, akan tura ta manyan asibitocin Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, to ta daure ta je.

Yanzu bari mu zo kan jarirai, domin nan ne maganar ta fi shafarmu mu mata. Babban mutum idan ya ɗauki ciwon hanta nau'in B, galibi jikinsa yakan kore shi, waɗanda yake zame wa na dindindin ba su kai 5 cikin 100 ba. Amma jaririn da ya ɗauka a wurin haihuwa, 9 cikin 10 da shi za su girma. Rigakafinsa allura ce da ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, sa'an nan a bi da sauran alluran a mako na 6 da na 10 da na 14. Tun shekarar 2004 aka sa wannan rigakafi cikin alluran yara na ƙasar nan, kuma kyauta ne. Matsalarmu ita ce mafi yawanmu a gida muke haihuwa, kuma bisa al'ada ba a fita da jariri sai an yi suna, maijego kuwa sai ta yi arba'in. To ƙwayar cuta ba ta jiran ranar suna. Ba lalle sai maijego ta fita ba. Kaka ko gwaggo ko ungozoma tana iya lulluɓe jaririn, maigida ya raka ta ɗakin shan magani mafi kusa a ranar da aka haihu. In an makara, kada a ce shi ke nan, a kai shi da gaggawa. Tun da ciki ya kamata a yi wannan shiri da maigida da uwar miji, kuma wannan yana cikin amfanin zuwa awon ciki, inda za ki nemi a auna ki duka cututtukan biyu. Mai ciki da take shan maganin HIV ta riƙe shi da kyau, domin yana rage hatsarin cututtukan biyu ga abin da ke cikinta.

Sai kuma kayan yanka da na huji. Wanzami da aska ɗaya yakan yi aski da kaciya da ƙaho da cire beli a gida biyar. Ungozoma takan yanke cibiya da rezar da ta samu a kusa. Mu kanmu mukan huda kunnen yara da allura ɗaya, mu yanke farce da rezar maigida. Ba muna cewa a kori wanzami ba ne, sana'arsa ce ta gado. A sayi sabuwar reza a miƙa masa, a buɗe ta a gabanki. Cikin kayan haihuwa da kike tarawa ki sa sabuwar reza da zare mai tsabta. Kada ki yarda mai yawo da jakar magani ya yi miki allura da sirinjin da ba a gabanki aka ɓare shi ba. Mai ciwon hanta kuma ta guji jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba, da shan ƙwayoyi barkatai ba da izinin likita ba. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a zubar, kada a ce za a yi ƙuli ko kunu da ita don gudun asara, domin fumfunar tana da dafin da yake ƙara hatsarin ciwon dajin hanta.

Ya kamata kuma mu san abin da ba ya yaɗa cututtukan nan. Cin tuwo a kwano ɗaya, da shan ruwa a moɗa ɗaya, da gaisawa, da zama a tabarma ɗaya, duk ba sa kawo ko ɗaya daga cikinsu. Don haka ware wa kishiya ko suruka kwanonta da bin ta da habaici zalunci ne, kuma shi ne yake sa mata ɓoye ciwo har ya kai su kushewa. Da yawa a wurin haihuwa suka sami ciwon hanta, ko a bakin askar wanzami tun suna zanen goyo. Ina laifinsu? A gidan da mace ta fi ɗaya, idan an sami mutum ɗaya da ciwon, abin yi shi ne maigida ya kwashi matansa da 'ya'yansa a auna kowa, marasa shi a yi musu rigakafi. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ku kuma 'yan makaranta, ƙannena, mu malamanku muna ganin yadda kuke aron reza da abin yanke farce da buroshin goge baki a ɗakin kwana. Ku daina. Ku tambayi iyayenku mata ko an yi muku alluran jarirai, in akwai kati ku duba. Ku ne masu karatu a gidajenku, saboda haka ku karanta wa iyayenku da yayyenku wannan shafi. Idan lokacin aure ya zo, kada ku ji kunyar neman a yi awon jini, ku da masu nemanku. A shekarar 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta awon HIV da ciwon hanta kafin ɗaurin aure. Ko da doka ko babu, uba mai son 'yarsa zai nemi a yi. Samun ciwon hanta nau'in B kuwa ba ya hana aure, sai dai a yi wa wanda ba shi da shi rigakafi ya kammala tukuna.

Daga ƙarshe muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara da ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum da su tabbata duk inda ake ba da maganin HIV da inda ake awon ciki akwai kayan awon ciwon hanta, kuma allurar ranar haihuwa ta isa ƙauyuka da wuraren da 'yan gudun hijira suke zaune. Muna roƙon iyayenmu sarakuna da malamai da limamai su ja hankalin magidanta, domin sau da yawa mace tana son zuwa asibiti, izini da kuɗin mota ne ba ta samu ba. Maigida, lafiyar iyalinka amana ce a wuyanka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, ya raya mana zuriya, amin. Sai mun sake saduwa.