Wata 14 na A.T.M. Gwarzo a kujerar minista

A ranar 21 ga Agusta, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya rantsar da Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo a matsayin ƙaramin ministan gidaje da raya birane. A ranar 23 ga Oktoba, 2024 aka sauke shi, aka kawo Yusuf Abdullahi Ata. Wata 14 ke nan, babu wani bayani da aka yi wa mutanen Gwarzo da Kabo, waɗanda suka yi murna ranar da aka kira sunan ɗansu.

Mutumin nan bai faɗo siyasa daga sama ba. Daga shugabancin ƙaramar hukumar Gwarzo ya taso, inda mai ƙorafin rijiyar burtsatse ko rufin aji yakan tare shugaba a ƙofar gida tun da asuba. Ya zama mataimakin Gwamna Ibrahim Shekarau daga 2007 zuwa 2011. Da jam'iyyarsu ta ANPP ta miƙa tuta ga Salihu Sagir Takai, sai ya koma ACN ya yi mata takarar gwamna, a lokacin da wannan jam'iyya ta Tinubu ba ta da kasuwa a Kano. Shi ya sa da yawa suka ɗauki naɗinsa a matsayin tukuicin tsohuwar amana.

Damuwarmu ita ce kujerar da aka ba shi. Ƙaramin minista yana da ofis da jiniya, amma ragamar ma'aikata tana hannun babban minista, wanda a lokacin shi ne Ahmed Musa Dangiwa. Kuma Kano, duk da yawan jama'arta, ƙananan ministoci biyu ta samu a 2023: Gwarzo da Dokta Mariya Mahmoud Bunkure. Mai neman aiki da ya tashi daga Getso ya kwana a mota zuwa Abuja bai san wannan ba. Shi dai an ce masa minista ne.

Muna kira ga fadar shugaban ƙasa ta fayyace a rubuce aikin da ke wuyan kowane ƙaramin minista, ta kuma riƙa faɗin dalili idan ta sauke mutum. Shi ma Gwarzo akwai bashin da jama'arsa ke bin sa: ya zauna da su a garin Gwarzo, ya lissafa musu abin da ya samo a wata 14 ɗin nan, da abin da aka hana shi yi.