Sharhi: Matsayin Harshen Sinanci a Jami'o'in Nijeriya

Tun a shekarar 1971 Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da ƙasar Sin. A yau kamfanonin ƙasar ne suka gina layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan, yayin da 'yan kasuwar Kantin Kwari ke saro kaya daga Guangzhou.

Sai dai nazarin Sinanci bai bunƙasa daidai da wannan hulɗa ba. Fitattun cibiyoyin koyar da shi su ne na Confucius da ke Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka, dukkansu a Kudu. A ɗaya ɓangaren kuwa, Rediyon Sin ya fara watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963.

Wannan giɓi yana da illa. Duk wanda ya dogara ga tafintan abokin cinikinsa wajen ƙulla kwangila ko karɓar bashi, ya miƙa wuya tun kafin a zauna.

Mafita mai sauƙi ita ce jami'o'i, musamman na Arewa, su bai wa ɗaliban shari'a, injiniyanci da tattalin arziki damar ɗaukar Sinanci da tarihin Asiya a matsayin ƙaramin fanni, ba tare da barin babban fanninsu ba.