Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙungiyoyin Manoma Da Makiyaya



Duk kaka labarin ɗaya ne. Manomi ya ci bashin taki, masara na shiga buhu, mai bashi na tsaye a ƙofar gida. Dole ya kai kasuwar Dawanau ya sayar a araha, damina na tsakiya ya dawo yana awo da tsada. Mai kiwo ma, da dusa da harawa sun gagare shi, sai ya saki ragonsa tun kafin Babbar Sallah.

A Nijar, manoma kan tara hatsi a rumbun ƙungiya, su karɓi rance a kansa, su sayar in farashi ya ɗaga. Don Allah ku zauna da bankunan da ba sa ɗora ruwa, ku buɗe mana irin wannan rumbu kafin girbin bana.