Jan Biro Da Wasiƙun Rilke

A ƙarshen shekarar 1902, wani saurayi mai suna Franz Kappus, ɗalibi a makarantar horar da hafsoshin soja ta Wiener Neustadt a ƙasar Ostiriya, yana karanta waƙoƙin Rainer Maria Rilke, sai limamin cocin makarantar, Horaček, ya hango littafin. Ya shaida masa cewa ya san marubucin tun yana yaro a wata makarantar soja. Wannan magana ce ta ƙarfafa wa Kappus gwiwa har ya aika wa Rilke waƙoƙinsa domin ya duba masa.

Amsa ta iso daga birnin Faris a watan Fabrairun 1903. Daga nan zuwa 1908 Rilke ya rubuta masa wasiƙu goma, waɗanda Kappus ya wallafa a 1929, shekara uku bayan rasuwar marubucin. Rilke bai yi masa daɗin baki ba: ya gaya masa cewa waƙoƙin ba su sami salon kansu ba tukuna, amma ya nuna masa inda tsiro ya fara ɓullowa. A 1904 kuwa ya kwafe wata waƙar saurayin da hannunsa, ya mayar masa, domin ya karanta ta tamkar ta wani.

'Yan'uwa malamai, mu fa me muke mayar wa ɗalibanmu? Yaro ya kwana yana tsara insha'i, mu zana masa 4/10 da jan biro, mu wuce. Maki yana gaya masa matsayinsa, amma ba ya nuna masa hanya. Sau da yawa daga nan yake ajiye alƙalami, alhali da zafi-zafi akan daki ƙarfe.

Mun san uzurinmu, kuma gaskiya ne: aji ya cika maƙil, littattafan dubawa sun yi tsibi, albashi yana jinkiri. Saboda haka muke ganin ya wajaba reshenmu ya nemi a ware lokacin duba aikin ɗalibai a cikin jadawali, a kuma rage cunkoson ajujuwa.

Kafin a cim ma hakan, akwai abin da ke hannunmu. Kowane mako mu zaɓi ɗalibai biyar, mu rubuta wa kowanne layi biyu a ƙarƙashin makinsa: jimlar da ta yi armashi, da wadda ke buƙatar gyara. Kafin zango ya ƙare, yawancin ajin sun sami amsa daga malaminsu.